Cikin Nawa? Darasin Lissafi Domin Lafiyar Iyali



Ya kai mai karatu, in kai ɗan kasuwa ne, ba ka bukatar wanda zai koya maka lissafi. Ba ka biyan kuɗin buhun masara sai ka zura hannu ka ga ƙwaya. Ranar awon auduga idonka ba ya barin sikeli. Ke ma uwargida, kin san mudu nawa ke kai gidanki ƙarshen mako, ba wanda zai tauye miki awo ki yi shiru. Amma abin mamaki, ranar da jikin yaro ya yi zafi cikin damina, sai a ajiye wannan basira duka a gefe. Maƙwabciya ta ce ƙwaya kaza ta warkar da ɗanta, sai a saya. Mai tallar magani ya ɗaga lasifika ya ce ya warkar da mutum ɗari, sai a miƙa masa kuɗi. Wani lokaci kuɗin ne kawai ake asara. Wani lokaci kuwa kwana biyun da aka ɓata su ne ke mai da zazzaɓi mai sauƙi ya zama mai jijjiga.

Likitoci suna da wani ilimi da suke dogara da shi wajen sanin maganin da ke aiki da wanda ba ya aiki, ana kiransa ilimin ƙididdiga. Sunan ne ke da nauyi. Tushensa tambayoyi ne biyar waɗanda ka riga ka saba yin irinsu a rumfarka. Ga su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya ta farko: cikin nawa?

In aka ce maka wani ya yi asarar buhu goma, ba za ka tausaya masa ba sai ka ji buhu nawa ya ɗauko. Goma cikin dubu ba komai ba ne, goma cikin ashirin kuwa karayar jari ce. Haka adadin cuta yake.

Mu ƙaddara asibitoci biyu. A na farko mutum 20 suka rasu a shekara, a na biyu mutum 5. Wanda ya tsaya nan zai ce na farkon mahallaka ne. To, a ce na farko ya kwantar da marasa lafiya 2,000, na biyu kuma 100 kawai. A na farko mutum 1 ne ya rasu cikin kowane 100, a na biyu mutum 5 cikin 100. Ka ga magana ta juya. Ko bayan wannan ma da sauran lura: babban asibiti irin na Garwa ko Ngawundare shi ake kai wa waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, saboda haka yawan mutuwa a can ba ya nuna gazawar likitocinsa.

Wannan tambaya ta taɓa ceton rayuka da yawa. A shekarar 1854 annobar amai da gudawa, wato kwalara, ta auka wa birnin Landan, a lokacin da mafi yawan masana ke zaton mugun wari ne ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya lura cewa a wasu unguwanni kamfanoni biyu ne ke sayar wa mutane ruwa. Ɗaya yana ɗebo nasa daga kogin Tems a tsakiyar gari, inda ƙazantar birni ke kwarara, ɗayan kuma daga can sama, kafin kogin ya iso wurin ƙazantar. Snow ya bi gidajen waɗanda suka mutu yana tambayar ruwan wane kamfani suke sha. A makonni bakwai na farkon annobar, gidaje 40,046 masu shan ruwan kamfanin farko sun rasa mutum 1,263. Gidaje 26,107 masu shan na biyun sun rasa 98. Da ya daidaita awon, sai ya ga mutuwa 315 a kowane gida 10,000 a wancan ɓangare, 37 kuma a wannan. Bambancin ya haura ninki takwas, kuma ruwan sha ne ya raba su. Abin da ya sa har yau ake ce maka ka tafasa ruwa ko ka sa masa magani lokacin kwalara ke nan.

Tambaya ta biyu: mutum nawa aka duba, kuma yaya aka zaɓe su?

Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Yakan ɗebi kaɗan ya duba, ya yanke hukunci a kan buhun duka. Wannan ɗan abin da ya ɗiba shi masana ke kira samfuri. Amma ka san sharuɗɗansa biyu. Na ɗaya, kada ka ɗiba daga bakin buhu kaɗai, domin maha'inci a nan yake zuba mai kyau. Sai ka taɓa sama da tsakiya da gindi. Na biyu, kada abin da ka ɗiba ya yi ƙanƙanta. Manomin da ya shuka ƙwayar iri huɗu don gwaji, uku suka tsiro, bai san komai ba tukuna. Wanda ya shuka ɗari, saba'in da biyar suka tsiro, shi ne ya san irin da ke hannunsa.

Labarin maƙwabciyarki ƙwaya ɗaya ce daga bakin buhu. Ba ƙarya ta yi ba, ɗanta ya sha maganin kuma ya tashi. Sai dai zazzaɓi iri-iri ne, da yawa daga cikinsu, kamar na mura, suna wucewa da kansu cikin 'yan kwanaki ko an sha magani ko ba a sha ba. Shi kuma mai talla yana kawo maka shaidar waɗanda suka warke ne kaɗai. Waɗanda maganin bai yi wa amfani ba suna kwance a gida ko a asibiti, wasu ma an binne su, ba wanda zai kawo su bakin kasuwa su ba da shaida.

Kwatanta wannan da yadda aka gwada allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna RTS,S. Daga 2009 zuwa 2014 an bi lafiyar yara da jarirai 15,459 a wurare 11 cikin ƙasashen Afirka bakwai: Burkina Faso, Gabon, Gana, Kenya, Malawi, Mozambik da Tanzaniya. An haɗa wuraren da cutar ta yi katutu da waɗanda take da sauƙi. An rubuta wanda ya kamu da wanda bai kamu ba, da wanda ya rasu. Sama da tsakiya da gindin buhu ke nan.

Tambaya ta uku: da wa aka kwatanta?

A ce manomi ya zuba sabon taki a gefen gonarsa na fadama, ya bar gefen tudu haka nan. Da kaka fadama ta fi ba da amfani. Takin ne ya yi aiki, ko laimar ƙasa? Ba zai taɓa sani ba. Da ya raba gonar gida-gida, ya jefa ƙuri'a wajen zaɓen inda taki zai sauka, da tudu da fadama sun faɗa kowane ɓangare, bambancin da zai gani kuwa na taki ne.

Haka ake gwada magani. Ana raba mutane rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada a tara masu ƙarfi ko masu hali a gefe guda. Rukuni ɗaya ya karɓi sabon magani, ɗayan ya karɓi wani abu dabam, sa'an nan a ƙirga abin da ya sami kowanne. A gwajin RTS,S, yaran rukunin kwatance an yi musu allurar rigakafin wata cuta dabam. Da aka ƙirga bayan kimanin shekara huɗu, sai aka ga yaran da aka fara yi wa allurar suna da wata 5 zuwa 17, suka kuma karɓi zagaye huɗu, sun tsallake kusan huɗu cikin kowane zazzaɓi goma da ya kama 'yan uwansu na ɗaya rukunin.

Ka lura da wannan adadi da kyau, domin a nan ake samun saɓani. Huɗu cikin goma aka ce, ba goma cikin goma ba. Yaron da aka yi wa allurar yana iya kamuwa da zazzaɓin cizon sauro, wannan kuma ba ya nuna allurar ta banza ce. Abin da ta yi shi ne rage yawan kamuwa da tsananin ciwon. Daga 2019 aka shigar da ita asibitocin wasu yankuna na Gana da Kenya da Malawi, yara fiye da miliyan biyu suka karɓa. Da aka kwatanta yankunan da suka samu da waɗanda ba su samu ba tukuna, mutuwar yaran da shekarunsu suka isa allurar ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoba na 2021. Ranar 22 ga Janairu, 2024, a garin Soa kusa da Yawunde, Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sa ta cikin jerin alluran yara na yau da kullum. Afirka ta Tsakiya da Cadi su ma sun fara rigakafin wannan cuta a cikin shekarar.

Tambaya ta huɗu: kashi kaza na me?

Ribar kashi 10 cikin ɗari a kan jarin sefa 1,000 sefa 100 ce. A kan jarin miliyan ɗaya kuwa sefa 100,000 ce. Kashin bai canza ba, jarin ne ya bambanta. Saboda haka in aka ce magani yana rage cuta da kashi kaza, tambayi yawan cutar tun farko.

Ɗauki gidan sauro mai magani. A 2018 ƙungiyar masana ta Cochrane ta tattara manyan gwaje-gwajen da aka yi a kansa, ta tarar yana rage mutuwar ƙananan yara da kashi 17 cikin ɗari. In aka mai da wannan zuwa ƙidayar kawuna, rai biyar zuwa shida ne ake cetowa kowace shekara cikin kowane yara 1,000 da ke kwana a cikinsa. Mai gida ɗaya ba zai ga wannan da idonsa ba, domin yaron da bai mutu ba ba ya zama labari. Amma a gundumar da ke da ƙananan yara 10,000, yara fiye da 50 ke nan a shekara waɗanda iyayensu ba su zauna zaman makoki ba.

Sai maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wanda ma'aikatan lafiya ke kira CPS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, Kamaru kuma ta fara shi a 2016 a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, saboda a nan cutar take taruwa cikin 'yan watannin ruwa. Gwaje-gwaje sun nuna yana kawar da kusan uku cikin kowane zazzaɓi huɗu. Mu ƙaddara unguwar da yara 40 cikin 100 za su kwanta a damina ɗaya in ba a ba su komai ba. In duk sun sha, kimanin 10 ne za su kwanta, 30 su tsira. Wannan lissafi na yaran da suka sha maganin cikakke ne: kwana uku a jere, kowane wata, har zagayen ya ƙare. Ma'aikaci yakan ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannunki yake, uwar yara. In kika ajiye su don wata rana, kin fitar da ɗanki daga cikin wancan lissafi.

Waɗannan kariya suna ƙara wa juna ƙarfi. Wani bincike da aka yi a kan yara kimanin 6,000 a Burkina Faso da Mali, aka wallafa a 2021, ya nuna yaran da suka haɗa allurar da maganin damina sun sami raguwar kwanciya asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani da kusan kashi 70 cikin ɗari, in an kwatanta su da waɗanda suka sami ɗaya kaɗai.

Tambaya ta biyar: shi ya jawo, ko tare suka zo?

Hausawa na cewa faɗuwa ta zo daidai da zama. Lokacin da sabuwar masara da ɗanyar gyaɗa ke shigowa kasuwa, lokacin ne zazzaɓi ya fi kama yara, har wasu ke ɗora wa sabon amfanin gona laifi. Gaskiyar ita ce ruwan sama ne ya kawo su duka biyun: ya nunar da masara, ya kuma cika kududdufai inda sauro ke ƙyanƙyasa. An san haka ne tun da likitan Faransa Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya gan ta cikin sauro a Indiya a 1897.

Haka batun allura yake. Gaskiya ne allurar rigakafi takan kawo ɗan zafin jiki ko kumburi na kwana ɗaya ko biyu. Amma in aka yi wa yara dubu allura cikin mako ɗaya na damina, dole a sami waɗanda za su yi rashin lafiya a makon, domin da ma za su yi ko ba a taɓa su ba. Hanyar gane gaskiya ita ce ƙirga yawan ciwon a cikin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Mun taɓa ganin abin da jita-jita ke jawowa in ta rinjayi ƙidaya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano, ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004. A tsakanin nan cutar ta tsallaka iyaka ta shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Sai ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Abin da ya sa ake gwada jini, kuma likita bai tsaya a kan gwajin kaɗai ba

Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin cizon sauro ba. Ciwon huhu, ciwon kunne, ƙyanda, sanƙarau da taifot duk suna zuwa da zazzaɓi, maganin wannan kuma ba ya taɓa wancan. Shi ya sa tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da magani. Gwajin ɗigon jini na yatsa, wanda ake kira TDR, ba ya wuce minti 15 zuwa 20.

Sai dai gwaji ma sikeli ne, yana iya kuskure kaɗan. Yakan ci gaba da nuna alamar cuta har makonni bayan yaro ya warke, wani lokaci kuma ya kasa ganin ta in ƙwayoyin sun yi ƙaranci. Mu ƙaddara gwajin da ke kuskure sau 5 cikin 100 ta kowane ɓangare. Da damina an kawo yara 200 masu zazzaɓi, 120 daga ciki na cizon sauro ne. Gwajin zai kama 114 daga cikinsu, ya kuma yi wa 4 ƙage cikin sauran 80. Kusan duk wanda ya nuna, gaskiya ne. Da rani kuma a ce 20 ne kaɗai cikin 200 ke da cutar. Gwajin zai kama 19, ya yi wa 9 ƙage cikin sauran 180. Cikin yara 28 da ya nuna, kusan ɗaya cikin uku wani ciwo dabam ne ke damunsa. Gwajin bai canza ba, lokacin ne ya canza.

Saboda haka in ma'aikacin lafiya ya tambaye ki yaushe zazzaɓin ya fara, wane magani yaro ya sha kwanan baya, ko kun yi tafiya, ya kuma ƙirga numfashinsa, ba ɓata miki lokaci yake yi ba. Yana haɗa gwajin da sauran alamu ne. Ki faɗa masa gaskiya, har da abin da aka saya a kasuwa ko aka jiƙa a gida. In gwajin bai nuna komai ba, kada ku matsa a ba ku maganin cizon sauro. Ku nemi a binciko ainihin dalilin.

Inda ba a tsayawa lissafi

Ƙididdiga tana magana ne a kan taro, ba ta san abin da zai sami yaro ɗaya a daren yau ba. In yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ko yana numfashi da ƙyar, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, zafin jiki kawai ya isa dalili.

Ku ma kuna cikin ƙidayar

Duk alƙaluman da ke cikin wannan darasi daga rubutu suka fito: wani ya zo asibiti, wani ya rubuta. Katin rigakafin ɗanka littafin bashi ne tsakaninka da cuta, yana nuna abin da aka biya da abin da ya rage. Kai da ke bin hanyar Ngawundare zuwa Mundu da iyalinka, ko kake kwana biyu a wannan ƙasa kwana uku a waccan, sa katin cikin jakar da kake ajiye takardun tafiya. Da shi ma'aikacin kowace ƙasa zai san inda aka tsaya ya ɗora. In kuma ka ga mutane da yawa a unguwa ko a zango sun kamu da gudawa ko ƙuraje a lokaci ɗaya, sanar da cibiyar lafiya mafi kusa, domin da ƙidayar farko ake tare annoba.

Gwada kanka

1. A wani ƙauye yara 12 cikin 400 sun kamu da ƙyanda, a wani kuma 9 cikin 150. Ina cutar ta fi tsanani?

2. Mai magani ya ce mutum 9 cikin 10 da suka sha maganinsa sun rabu da mura cikin mako guda. Me ya rage bai faɗa ba?

3. A wata unguwa yara 50 cikin 100 ke kamuwa da zazzaɓi kowace damina. In aka sami kariyar da ke rage shi da kashi 40 cikin ɗari, yara nawa za su kamu?

Amsoshi: Na ɗaya, a ƙauye na biyu, domin 6 ne cikin ɗari, na farko kuwa 3. Na biyu, bai faɗi mutum nawa ne suka warke cikin mako ba tare da shan komai ba. Na uku, yara 30 za su kamu, 20 su tsira.

Karanta wa na kusa da kai wannan takarda, a rumfa ko a zaure ko a tsakar gida. Ran da wani ya zo muku da labarin magani, ku tambaye shi kamar yadda kuke tambayar mai kawo kaya: cikin nawa, wa ya ƙirga, da wa aka kwatanta? Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya.